Hayaƙin Ɗakin Jarrabawa

Ban taɓa sa karan taba a bakina ba. Na fara da wannan ne saboda ita ce tambayar farko da likita ya yi mini, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na gode wa Allah da ya bar mini numfashin da nake wannan rubutu da shi. Sai dai godiyar ba za ta hana ni faɗin abin da mutane suka yi ba. Don masu yini a ɗaki ɗaya da mashaya taba nake rubutawa, musamman mata masu juna biyu da kunya ta ɗaure wa baki.

Sunana Luba, 'yar Argungu ce ni, gidanmu masunta ne. Lokacin da abin ya faru muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke mana tamu ba, ko tsintsiya za a saya wa ofis sai takarda ta je Sakkwato ta dawo. Ina aikin buga tafireta a wata kwaleji a Birnin Kebbi. Maigidana malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin fadamu. Mun daɗe da aure ba haihuwa, har dangi sun gaji da tambaya sun koma kallo. A shekarar nan Allah ya ba ni ciki.

Cikin fari ne, kun kuwa san yadda muke da shi. Ba a faɗa. Ko Inna da ta haife ni ban buɗe baki na gaya mata ba, ita ta dube ni ta gane. Na ƙara girman mayafi, na ci gaba da zuwa aiki. Haka aka rene mu: ba kya zancen cikin fari, in ya zo duniya ba kya rungumarsa a gaban mutane, sunansa kuwa ba ya fita daga bakinki. Ɗan farin Inna ya rasu yana jariri tun kafin a haife ni, kuma na girma ban san sunansa ba. In zancensa ya kama dole, "wanda yar riga ku" kawai take cewa, ta kawo wata hira.

A kwalejin akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin shugaba, a nan ake buga tambayoyin jarrabawa. An ce wata shekara wani ɗalibi ya leƙa ta taga ya kwashe tambayoyi, tun daga nan aka liƙe tagogin da kwali aka buga musu katako. Ba a kunna fanka don tana watsa takardu. Ana kulle ƙofa ta ciki, mabuɗi ya shiga aljihun jami'in jarrabawa, Malam Bawa. Doka ta ce dole shi ya zauna, malamin da ya fitar da tambayoyin shi ma ya zauna, a ƙara da wani shaida, kuma ba mai fita sai an liƙe ambulan. Ni ce a tsakiya da tafireta, maza uku ko huɗu a kewaye da ni, kusan kowannensu da kwalin taba a aljihu.

Malam Bawa ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Dattijo ne mai fara'a, "ɗiyata" yake ce mini, ya sha rage mini hanya a motarsa. Amma da wutar kara ɗaya yake kunna na gaba. Akwai wani gwangwanin madara a gefen tafiretata, a ciki suke kakkaɓe toka. A shekarun baya mu biyu ne masu bugawa, muna karɓa-karɓa, abin kuma ba ya daɗewa. A waccan shekarar aka yi wa abokin aikina canji, ba a kawo wani ba, duka takardun kwalejin suka dawo kaina, ga shi tsakiyar bazara.

Makon farko tari ne da ƙaiƙayin maƙogwaro. Idanuna suka yi ja, kaina yana sarawa tun daga hantsi. Kafin azahar hayaƙi ya taru a saman ɗakin har ƙwan lantarki ya dushe. Na daure, na daure, rannan na ce, "Malam, hayaƙin ga ya yi yawa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke ɗiyar masu banda ta, hayaƙi shi dame ki? Ai cikinai anka haihe ki!"

Sauran suka taya shi. Na ce masa bandar kifinmu a fili ake yin ta, iskar gulbi tana kwashewa, ba wanda ya taɓa kulle Inna a ɗaki da ita. Ya ce bakina ya fi tafiretata sauri. Na roƙi a ɓamɓare kwalin taga ɗaya. Ya ce, "Doka ta, ɗiyata. In tambaya tah hita, wuyana za a kama." Na ce to su riƙa fita waje su sha su dawo. Ya ce ita ma fitar doka ta hana. Dokar ta san da taga, ta san da ƙofa, ta san da fanka, ashana ce kaɗai ba ta taɓa jin labarinta ba.

Mako na biyu ƙirjina ya fara kuka. In na ja numfashi sai ka ji kamar 'yar kyanwa a cikin kwando. 'Yan matakalan ofis da nake hayewa da gudu suka koma sai na tsaya na dafa bango. Kayana duk suka ɗauki wari, ko na wanke ba ya fita. Wata maƙwabciyata ta shinshina mayafina a gidan biki ta yi mini wani kallo da na fahimci ma'anarsa sarai. Masu ba da shawara kuwa suka yi mini caa. Wannan ta ce albasa da zuma, waccan ta ce citta da kanumfari, wata ta aiko da man shanu a sha da ruwan ɗumi. Duk na sha, na gode musu, ƙirji bai daina kuka ba.

Maigidana ya ga yadda nake jingina da bango in huta tsakanin ɗaki da madafa, ya ce, "Ki hwaɗa musu mana."

Na ce, "In hwaɗa musu mi?"

Shi kansa a cikin ɗakinmu bai taɓa kiran abin da sunansa ba. Ya tashi ya je yana goge babur ɗin da ba shi da datti.

A mako na uku abin ya kayar da ni. Bayan azahar ne, ina tsakiyar buga takardar lissafi, na ja iska ta ƙi shiga. Na sake ja, ta ƙi. Na miƙe na nufi ƙofa ina dukanta da tafin hannu. Ina gani Malam Bawa ya rikice yana zazzage aljihu, kwalin taba ya faɗo, ashana ta faɗo, goro ya faɗo, sai daga ƙarshe mabuɗi. A motar kwaleji aka kai ni asibiti.

Layin karɓar kati ya kai har gindin bishiya, mutane zaune a ƙasa da marasa lafiyarsu. Wata nas 'yar kudu da ban san sunanta ba ta zo wucewa, ta dubi leɓɓana, ta finciko ni daga layin tana yi wa kowa tsawa. Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Aka yi mini allura, aka ɗora ƙarin ruwa, a hankali iska ta fara samun hanya. Maigidana ya iso da taɓon fadama har gwiwa.

Likitan dogo ne, Hausarsa ta gabas ce. Ya sa abin sauraro a bayana ya daɗe, ya ɗan ja hanci, sannan ya ce, "Kara nawa kike sha a rana?"

A gaban mijina. Ba ni da numfashin kirki, amma na samu na faɗa. Na ce masa ban taɓa ba, ba a yi a gidanmu, ya kuma iya bakinsa. Bai yi fushi ba. Ya ce to ina nake yini? Na kwatanta masa ɗakin, da kwalin taga, da gwangwanin madara. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Su suka saya, su suka kunna, amma ku biyu kuka sha tare da su."

Ku biyu. Shi ne mutum na farko da ya faɗa a fili. Na ja mayafi na rufe fuska, maigidana ya sunkuyar da kai kamar an kama mu da laifi. Likitan bai kula da kunyarmu ba. Ya ce fuka ce hayaƙin ya tayar mini, kuma in iska ba ta ishe ni ba, ba za ta ishi wanda ke ciki ba. Ya ce in nisanci hayaƙi kowane iri, na taba, na murhu, na turare. Ya sa aka gwada kakina don a tabbatar ba tarin fuka ba ne. Kafin sakamako ya fito har maƙwabta sun ware mini kofi da kwano, da ya fito lafiya lau ba wadda ta zo ta ce yi haƙuri.

Mutanen ofis sun zo dubiya da lemo da gwangwanayen madara, na gode. Malam Bawa ya yi mini sannu har idonsa ya kawo ruwa. Yana fita baranda, daidai tagar da gadona yake, na ji ƙarar ashana. Nas ɗin nan ce ta kore shi har bakin ƙofar asibiti.

Aka sallame ni da takardar hutu na 'yan kwanaki. Dogon hutu kuwa sai an sa hannu a Sakkwato, takardar ta tafi, shiru. Masinja ya fara sintiri a gidanmu: jarrabawa ta matso, babu wani mai bugawa, in ban zo ba za a ɗauka na gudu daga aiki. Maigidana ya shirya ya je ya sami Malam Bawa. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya ce. Wai ya ce masa iyali ba ta jin daɗin jikinta, a riƙa dubawa. Malam Bawa kuma ya ce ai ɗiyarsa ce, kada ya damu. Manyan maza biyu sun sha shayi, sun kewaye maganar, ba wanda ya taka ta.

Na koma. Masu cewa me ya mai da ni, su faɗa mini abin da za mu ci da wanda zai sayi maganin. Kwanakin farko sun rage shan tabar. Daga baya suka ɓullo da dabara, wai mai sha zai juya ya fuskanci ƙofa ya hura can. Ƙofar da ke kulle. Na riƙa jiƙa gefen mayafi ina toshe hanci da hannu ɗaya, ina bugawa da ɗaya. Haka na gama musu takardunsu, tambaya ko ɗaya ba ta fita ba. Ƙirjina kuwa bai sake komawa daidai ba. Ƙwayoyin da likita ya rubuta ba kullum ake samu a asibiti ba, sai kemis. Akwai buhunan shinkafa da maigidana ya ajiye a lungu tun kaka, bai ce na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba, amma mun san na suna ne. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa.

Da ruwan farko ya sauka Inna ta aiko a kai ni gida goyon ciki, tun lokaci bai yi ba. A Argungu na ga gata. Inna ta kwashe bandarta kaf ta mayar gidan ƙanwarta a bakin gulbi, ta hana a hura wuta kusa da ɗakina. Kullum da romon kifi mai zafi. Na fara samun barci, abin da ke cikina yana motsi, ko da yake ungozoma ta ce bai kai girman watanninsa ba.

Sai ga Gwaggo Ige, yayar babana, wadda ba a yi mata musu a gidan. Ta saurari ƙirjina ta ce wannan ba na asibiti ba ne. "Iskar gulbi ta. Turare za a yi mata, shi hita da ita." Na ce likita ya hana. Ta ce likita bai san gulbin nan ba. Inna kuwa ba ta iya ja da yayar miji. Da la'asar aka kawo kasko da garwashi, Gwaggo ta zuba saiwoyi da ƙaro, aka zaunar da ni a kujera 'yar tsugune, aka lulluɓe ni da bargo. Shaƙa ɗaya na yi na ji ƙirjina ya ƙulle irin na ranar nan. Na yaye bargon, na sa ƙafa na yi fatali da kaskon, garwashi ya watsu har kan tabarmar Gwaggo.

Na ce, "Hayaƙi yak kawo ni nan, Gwaggo! Hayaƙi za shi hisshe ni?"

Ta ce tunda take ba a taɓa yi mata haka ba, boko ya cinye mini tarbiyya. Ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata. Na san don ƙauna ta yi, amma ko yau aka sake kawo kaskon nan zan sake shure shi. Ranar a asibitin garin na ƙarasa yini da ƙarin ruwa a hannu.

Ba a yi mako biyu ba naƙuda ta zo, da hantsi, ranar kasuwa. Bakwaini ne, namiji. Tafin hannun babansa biyu sun ɗauke shi har da saura. Kukansa sai ka kasa kunne. Babu kwalbar saka jarirai a kusa, sai Sakkwato, ungozoma kuma ta ce hanyar nan da damina ba zai kai ba. Aka naɗe shi a auduga, aka jera masa kwalaben ruwan ɗumi, ina tatsar nono a cokali ana ɗiga masa. Inna ce ke riƙe da shi kullum. In da mutane a ɗakin, ta wutsiyar ido nake kallonsa, kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi. In sun fita in ɗauke shi in sa kunnena a ƙirjinsa. Na san wannan ƙaramin kukan da ke ciki, irin nawa ne.

Ya kai ranar suna. Ba taro aka yi ba, rago ɗaya ne da 'yan uwa na kusa. Ta bayan katanga na ji an faɗi sunan. Mata suka shigo suna zolayata, wai in faɗa su ji in na isa, ni kuwa na rufe fuska ina murmushi, don haka ake yi. Bayan kwanaki kaɗan, an idar da sallar azahar ke nan, numfashinsa ya tsaya a hannun Inna. Har ya koma ban kira shi da sunansa ko sau ɗaya ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma har yau yana ci.

Masu gaisuwa suka ce Allah ya bayar, shi ya karɓa. Na yarda, ban taɓa ja da wannan ba. Amma ban ga inda yarda da ƙaddara ta hana a tambayi wanda ya ƙyasta ashana ba. Na yi wankan jego ba jariri. Da aka zo hura wuta a ƙarƙashin gado don gasa jiki na ce a fita da ita, wannan karon ba wanda ya yi mini gardama. Da na samu ƙarfi na koma wurin likitan nan na Birnin Kebbi na tambaye shi kai tsaye ko hayaƙin ne. Ya ce, "Ba zan rantse miki cewa shi kaɗai ne ba. Amma da ni aka tambaya, da ba ki yini ko ɗaya a ɗakin nan ba." Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba ta kowane ɓangare. Takardar hutuna kuwa ta iso daga Sakkwato da sa hannu da hatimi, bayan an yi sadakar bakwai.

Na koma aiki. Da jarrabawa ta gaba ta zo, Malam Bawa ya buɗe ɗakin nan ya ce bismillah. Warin bara yana nan a bango, gwangwanin madara yana nan inda yake. Na shiga, na rungumo tafiretar, mai nauyin tsiya, na fito da ita baranda na dire a kan tebur, na zauna.

Ya ce, "Ɗiyata, mi na haka?"

Na ce, "Nan za ni bugawa."

"Gaban ɗalibai? Kin san doka."

"Na san ta. Ku zaɓa, ko ni ko taba. Ɗakin ga ba shi ɗaukar mu biyu."

Aka yi ta aike, ban motsa ba. Ɗalibai suka fara taruwa daga nesa suna kallo. Daga ƙarshe shugaban kwaleji ya kira mu ɗakin malamai, inda hayaƙi ya riga mu zama. Ya ce an ji abin da ya same ni, an kuma yi baƙin ciki, amma aiki aiki ne. Wani malami ya ce ba wanda ya tabbatar taba ce ta jawo. Wani ya ce ubansa ya sha har ya tsufa lafiya lau. Sai Malam Bawa ya gyara murya, a tausashe, ya ce, "Wallahi da ta hwaɗa muna tana da juna biyu, da ba mu sha ba. Ba ta hwaɗi ba."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Sun samu inda za su ajiye kayan, a kaina. Na miƙe, na sauke mayafina daga fuska.

Na ce, "Nic ce muku hayaƙi ya yi yawa, kunka yi dariya. Nir roƙi taga, kunka ce doka. Nih hwaɗi gabanku, kunka ɗauke ni da hannunku. Duk wanga bai isa ba? Sai na kwance muku abin da ko uwata ban hwaɗa ma ba, kannan a bar ni in sha iska? To tunda hwaɗi kuka so, ku saurara. Ɗa namiji na. Ɗan hwarina na. Sunanai Sama'ila."

Duk wanda ke wurin Bahaushe ne ko ya girma cikinmu, sun san abin da na yi. Wani dattijo ya ce subhanallahi a hankali. Ni kaina na ji sunan baƙo a bakina, shi ya sa na maimaita. Na ce Sama'ila ya zauna a ɗakin jarrabawa tare da su tun daga takardar farko har ta ƙarshe, bai leƙa tambayar kowa ba, kuma shi kaɗai aka hukunta.

Shugaba ya ce shi ba shi da ikon hana shan taba sai da umarni daga Sakkwato. Na tambaye shi ko akwai umarnin da ya zo daga Sakkwato ya ce a sha. Malam Bawa ya murƙushe karan da ke hannunsa a ƙasan takalmi, ya tashi ya fita. Ta taga na hango shi ya shiga ɗakin jarrabawa ya fito da gwangwanin nan ya jefa a bola.

Kafin mako ya ƙare aka liƙa sanarwa: ba shan taba a ɗakin jarrabawa, da ɗakin malamai, da azuzuwa, da ɗakin karatu. Mai so ya tafi gindin dogonyaro a bakin ƙofar shiga. Aka cire katakon taga ɗaya ta sama aka sa waya. Kada ku ɗauka an tafa mini. An kira ni mara kunya, an ce na mai da mutuwar ɗana abin faɗa, wasu matan malamai sun daina gaishe ni. Malam Bawa bai sake ce mini ɗiyata ba, Malama Luba na koma, kuma na yi kewar wancan sunan. Dokar ma ba kullum ake bin ta ba. Sau da yawa ni ce nake bin baranda ina shinshine-shinshine kamar mai neman ɓataccen kifi, ɗalibai suna hango ni su ɓoye hannu a baya. Fukar ba ta rabu da ni ba, har yau da magani nake yawo a jaka.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. In kana sha, wanda ke kusa da kai ma yana sha, kuma ba ka san abin da ke ƙarƙashin mayafin mace ba, ba kuma dole ne ta gaya maka ba. In ke ce a ɗakin, kada ki jira takarda daga ko'ina. Ki ɗauki tafiretarki ki fito tun ranar farko, a kira ki duk abin da za a kira ki.

Labari ya riga ni isa Argungu. Da na je hutun ƙarshen mako na iske Inna a tsakar gida tana gyaran kifi. Ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Sai da ta gama da wanda ke hannunta ta ce, "An ce kin kira sunan ɗan hwari gaban maza."

Na ce, "Na kira, Inna."

"Har sau biyu, anka ce."

"Har sau biyu."

Na gyara zama ina jiran faɗa, na kuma shirya ba zan ba da haƙuri ba. Ta ɗauki wani kifin ta ajiye. Ta wanke hannu a ƙwarya, ta goge a zani, ta dubi ƙofar gida ta ga ba kowa. Sannan ta matso kusa da ni, ta rage murya.

Ta ce, "Nawa, Ummaru sunanai."